Tudun da masu tifa suka fasa a gonar gado: kabarin mutanen da ne, kuma me ya kamata a yi da shi?

Tambaya: Wani ɗan'uwa daga nan Kano ya rubuto cewa suna da gonar gado a bayan gari, ta wajen hanyar Dawakin Kudu, inda gine-gine suka fara isowa. A gefen gonar akwai wani tudu da suka taso suka tarar, ba a noma kansa tun zamanin kakanni. Kwanan baya yayansu ya sayar wa masu tifa ƙasar tudun, da aka fara sara sai ga tsingaro da gawayi da ƙasusuwa da wasu 'yan duwatsun ado masu huda. Yana so ya sani ko kabarin mutanen da ne, ko akwai dukiya a ciki kamar yadda ake ta faɗa a unguwa, ko hukuma za ta ƙwace gonar idan aka sanar da ita, sannan ko kare kabarin waɗanda ba Musulmi ba bai zama girmama shirka ba.

Amsa: Wa'alaikumus salamu wa rahmatullah. Malam, kafin in ce komai a kan tarihi, ka je ka roƙi Yaya ya dakatar da masu tifar nan yau, ko da za a mayar musu da kuɗin da suka bayar. Duk sauran tambayoyinka suna iya jira. Wannan ce kaɗai ba ta jira, domin ƙasar da ta hau mota ta tafi cikon fuloti ba ta dawowa, abin da ke cikinta kuma ya tafi ke nan.

Sai batun ko mene ne tudun. Mafi yawan tuddan da ake gani a kewayen Kano kufai ne, ba kaburbura ba. Mutanenmu da ƙasa suke gini. A haƙa kududdufi, a kwaɓa, a yi tubali, a ɗora. Bayan shekaru soro ya rushe, a baje shi a sake gini a kansa, toka da shara kuma ana ta zubawa a bayan katanga. Idan aka yi shekara ɗari biyu ko uku ana haka, unguwa sai ta tashi sama da filin da ke kewaye da ita. Duk wanda ya shiga lungunan cikin birni ya ga gidajen da sai an sauka mataki biyu kafin a shiga zaure, saboda hanya ta taso ta bar su a ƙasa, to ya ga wannan aiki yana gudana da idonsa. Idan yaƙi ko fari ko annoba ta tashi gari, abin da ke saura shi ne tudu mai faɗi, sau da yawa da tsofaffin kukoki a kansa. Yankin da gonarku take kuwa ba baƙon tsohon zama ba ne. A ƙasar Dawakin Kudu Dutsen Santolo yake, garin da Sarkin Kano Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ya ci da yaƙi tare da taimakon Wangarawa.

Kai da kanka za ka iya samun amsar farko ba tare da ka taɓa komai ba. Je ka tsaya gaban inda aka sara, da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da rana ke bugun bangon a karkace. Ka ɗan yayyafa ruwa a fuskar ƙasar, kada ka kankare, kada ka zaro abin da ya leƙo. Idan kufai ne za ka ga ƙasar hawa-hawa. Ga wani jan layi siriri mai tauri, wannan daɓen ɗaki ne. A kansa toka fara-fara, sai baƙar ƙasa mai gawayi da ƙashin akuya da tsingaro birjik, sai kuma wani daɓen a sama, na waɗanda suka zo daga baya suka gina a kan na farko. Wani lokaci har murhu za ka gani, ƙasar wurin wuta ta gasa ta ta yi ja, ko rabin dutsen niƙa ya fito daga bango. Idan kuwa ka ga wasu baƙaƙen dunƙule masu nauyi, masu ƙofofi kamar sun tafasa sun daskare, wannan kashin ƙarfe ne, wato a nan aka narka tama. Irinsa aka samu a gindin Dala, kuma awon da aka yi ya nuna ana narkar da ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7 miladiyya, fiye da shekara 300 kafin zuwan Bagauda a 999. Idan tudun dogo ne mai lanƙwasa, da kwari a gefe ɗaya, to ragowar ganuwa ce da gwalalonta, domin ba birnin Kano kaɗai ke da ganuwa ba, ƙananan garuruwa da yawa sun kewaye kansu.

Kabarin tudu ya bambanta da duk waɗannan. A aiki ɗaya ake tara shi, jama'a su yi gayya su ɗebo ƙasa su jibga a kan mamaci, saboda haka ƙasarsa kusan iri ɗaya ce daga sama har ƙasa, ba daɓe, ba murhu, tsingaro kaɗan ne. Zagayayye ne mai doro a tsakiya, kuma ba kasafai yake zama shi kaɗai ba, za ka ga biyu, uku ko fiye a kusa da juna. Mamacin yana can tsakiya a ƙasa, ba a gefe ba. Tunda ku a gefe kuka fara cin karo da ƙashi, ga gawayi ga tsingaro da yawa, zuciyata ta fi karkata ga cewa kufai ne. Amma wannan bai rage masa daraja ko kaɗan ba, kuma bai hana a sami mutum a ciki ba, domin mutanen da suna binne nasu a cikin gida. Abu ɗaya da za ka lura da shi da kyau: idan ƙashin na mutum ne, kwance a kan ɓarin dama, kai a kudu, fuska na duban gabas, ba wani kaya tare da shi, to tsohuwar maƙabartar Musulmi ce kuka faɗa, maganar kuma ta koma wurin liman da mai unguwa nan take.

To, akwai kaburburan tudu na gaske a ƙasar Hausa? Akwai, kuma ba nisa. Tsakanin Katsina da Daura, a ƙaramar hukumar Mani, akwai Durɓi ta Kusheyi, inda tuddai aƙalla takwas suke, waɗanda tarihin baka ke dangantawa da sarakunan Durɓawa na farkon Katsina. Labarin wurin nan ina so ka saurare shi da kyau, domin duk amsar tambayarka tana cikinsa.

Sau biyu aka tona shi. Na farko a 1907, Baturen mulki Richmond Palmer ya tona tare da haɗin kan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. An fasa tuddai, an fito da kaya, amma ba a rubuta bayani mai gamsarwa ba, kayan kuma daga baya suka salwanta. Yau abin da aka sani game da waɗannan kaburbura bai taka kara ya karya ba, kuma ba yadda za a yi a sake tona su, tunda an riga an hargitsa su. A 1959 hukumar kayan tarihi ta wancan lokaci ta ayyana wasu daga cikin tuddan a matsayin kayan tarihin ƙasa. Tono na biyu aka yi a 1992, a ƙarƙashin wani aikin bincike na Jamusawa da Dierk Lange ya jagoranta, aka buɗe wasu tuddai uku, kowanne da mutum ɗaya a tsakiyarsa. A wannan karon ba a tsinto kayan ɗaya-ɗaya ba. An yanko ƙasar dunƙule guda tare da abin da ke cikinta, aka ajiye a gidan tarihi na Jos. Sai a 2007 aka kai dunƙulen birnin Mainz na Jamus, inda masu gyaran kayan tarihi suka riƙa buɗe su sannu a hankali a ɗakin bincike. A 2014 aka dawo da kayan Nijeriya.

Duba bambancin abin da haƙurin nan ya haifar. An ga kayan ado na zinariya da na tagulla, da mundayen hauren giwa, da duwatsun gilashi, da wuri. An ga ragowar tufafi da fata da itace, waɗanda da hannu aka zaro su a fili da sun zama gari kafin a kai su mota. An ga tasa ta ƙarfe ƙirar ƙasashen Musulunci na gabas. An auna shekarun kaburburan, suka faɗa tsakanin ƙarni na 14 da farkon na 16. Wuri daga tekun Indiya yake zuwa, tasar ta ƙetaro hamada, ga su kwance tare da wani mai mulki a ƙasar Katsina. Ma'ana, a daidai lokacin da Musulunci ke kafuwa a fadojin ƙasar Hausa, zamanin su Yaji zuwa Muhammadu Rumfa a nan Kano, akwai masu sarauta da ke sayen kayan Musulmi ta hanyar fatauci amma ana binne su bisa al'adar kakanninsu, da kayansu, a ƙarƙashin tudu. Babu marubucin da ya bar mana wannan bayani dalla-dalla. Ƙasa ce ta riƙe shi.

Al'adar ba ta tsaya a nan ba, ta ratsa yankin Sahel gaba ɗaya. Malamin Andalus Al-Bakri ya rubuta a 1068 yadda ake binne sarkin tsohuwar daular Gana: a gina masa rumfar itace, a kwantar da shi a gado da makamansa da kayan adonsa da kwanukan abincinsa, a shigar da masu yi masa hidima, a rufe ƙofa, jama'a su yi ta zuba ƙasa har wurin ya zama tudu babba, sannan a haƙa rami a kewaye. A farkon ƙarni na 20 aka tona irin waɗannan tuddai a yankin tafkunan kogin Kwara na ƙasar Mali, aka tarar da abin da ya yi kama da bayaninsa. A Senegal tuddan dubbai ne, kuma wuraren da'irar duwatsu na Senegal da Gambiya, waɗanda kaburbura ne, sun shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2006.

Na san abin da 'yan unguwa za su riƙe daga duk wannan bayani shi ne kalmar zinariya. Bari in yi maka magana a fili. Yawancin kaburburan da, ko na tudu ne, abin da ke ciki tukunya ce da 'yan duwatsu da guntun ƙarfe mai tsatsa, wanda ko ɗan gwangwan ba zai saya ba. Kabarin mai sarauta irin na Durɓi ɗaya ne cikin dubu, kufai kuwa ba a barin dukiya a cikinsa, mutane da za su tashi sun kwashe abin da ke da amfani. Wanda ya fasa tudu don neman zinariya, kusan kullum asarar ƙarfinsa yake yi, sannan ya jawo mana asarar da ba ta da magani.

Darajar wurin tana cikin yadda abubuwa ke kwance da juna. Ka san kundin malaman zaure, takardu warwara a cikin gafaka, ba ɗinki. Muddin suna jere ana karantawa. Ranar da iska ta watsa su a tsakar gida, duk haruffan suna nan, amma karatu ya tafi. Haka tudu yake. Dutsen adon da yaro ya tsinta ya sa a aljihu, dutse ne kawai. Amma idan an same shi a wuyan mamaci, a ƙarƙashin daɓe na biyu, kusa da gawayin murhu, to ana iya sanin shekarunsa. Duk abu mai rai yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon da ke fara raguwa daga ranar da ya mutu, rabinsa na ƙarewa a duk shekara 5,730. Guntun gawayi ko ƙashi ko ƙwayar gero da ta ƙone sun isa a auna a faɗi lokacin da itacen ya bushe ko mutumin ya rasu. Sai dai awon ba ya amfani idan ba a san daga wane hawa aka ɗauko gawayin ba. Daga haƙori ana gane abin da mutum ya ci, daga ƙashi a gane shekarunsa da cutar da ta dame shi, daga zanen bakin tukunya a gane su wa suke hulɗa da su. Mu a Kano buƙatarmu ga wannan ta fi ta kowa. Littafin Tarihin Kano ya jero mana sarakuna tun daga Bagauda, amma a kan mutanen da ya tarar, su Barbushe da jama'ar Dala, 'yan shafuka ne. Talakawa, maƙera, mata, manoma, yadda suka zauna da abin da suka noma, duk sai a ƙasa za a same su, kuma ƙasar ce ake lodawa a tifa kullum.

Idan kana son ganin inda kwaɗayin sayar da kayan tarihi ke kai al'umma, dubi maƙwabtanmu na Nijar. A 1975 aka gano maƙabartar Bura a yammacin ƙasar, masanin nan Boubé Gado ya tona ta a 1983, aka ga tukwanen binne mamata da mutum-mutumin yumɓu na ban mamaki. Da labari ya kai Turai farashi ya tashi, sai dillalai suka bazama ƙauyuka suna ba mutane 'yan kuɗi su tona. Cikin 'yan shekaru aka rarake wurare masu yawa. Haka aka yi wa tsofaffin mutum-mutumin yumɓu na Nok a kudancin Kaduna, da na ƙasar Katsina da Sakkwato. A shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa duk waɗannan a jerin kayan Afirka da ke cikin haɗarin sata. Wanda ya tona ya sami kuɗin cefanen mako, dillali a birnin Faris ya sami na gina gida, garin kuma ya rasa tarihinsa har abada. Idan wani baƙo ya zo yana tambayar duwatsun nan yana taya su, kada ku sayar, kuma ku san cewa labari ya fita.

Doka ma ta hana. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta ce ba mai haƙa ƙasa don neman kayan tarihi sai da izinin hukumar. Wanda ya ci karo da su bisa tsautsayi, kamar ku, ana so ya sanar cikin kwana 7. Sayen su da sayar da su ga wanda ba wakilin hukuma ba laifi ne, haka fitar da su waje ba takarda. Duk aikin hannu na gargajiya da aka yi kafin 1918 yana iya shiga wannan hukunci. Tarar da aka rubuta a dokar ta 'yan dubban nairori ce, wadda a yau ba ta kai kuɗin lodin tifa ɗaya ba, kuma wannan rauni ne babba da ya daɗe yana buƙatar gyara. Amma ni ba don tsoron tara nake so ku sanar ba.

Tsoron ƙwace gona shi ne ke hana mutane magana, kuma na fahimce shi, gonar gado ba abin wasa ba ce, ga magada da yawa kowa da buƙatarsa. Sai dai sanarwa daban, ayyana wuri a matsayin kayan tarihin ƙasa daban. Ayyanawa doguwar hanya ce, sai wuri ya kai matuƙa, kuma dokar ta tanadi sanar da mai wuri da batun diyya. Wuraren da aka ayyana a duk faɗin Nijeriya ba su da yawa. Abin da masu binciken kufai suka fi nema a irin halinku shi ne a ba su lokaci su auna wurin, su zana shi, su buɗe 'yan ramuka a tsanake, su ɗauki samfur, su rubuta. Idan an gama, sau da yawa mai wuri yana ci gaba da harkarsa. Idan kuma ya tabbata wuri ne mai muhimmanci, tudun ne kaɗai ake magana a kai, ba gonar gaba ɗaya ba. Shawarata ita ce magada ku zauna ku cire tudun daga rabo, ku bar shi na kowa, ku kewaye shi da shingen aduwa ko cediya, a daina ɗibar ƙasa. Barin tudu yadda yake shi ne mafi ingancin kariya. Mu kanmu masu wannan aiki ba ma son tono sai dole, domin tono ko na masani rushewa ne, kuma na'urorin da za a samu nan da shekara hamsin za su ga abin da namu ba sa gani.

Batun addini kuwa, na ji daɗi da ka kawo shi, domin da yawa suna riƙe shi a zuci ba sa faɗa. Gaskiya ne Musulunci ya hana ɗaga kabari da gini a kansa, hadisin da Sayyidina Ali ya ba da umarnin daidaita kabari mai tudu yana cikin Sahihu Muslim. Gaskiya ne kuma an tone kaburburan mushrikai da ke filin da aka gina masallacin Annabi (SAW) a Madina, kuma daga nan malamai da yawa suka fahimci halascin yin haka idan buƙata ta kama. Ka kai wa malaminka maganar ya yi maka ƙarin bayani. Amma ka gaya masa ainihin abin da ake nema. Ba wanda ya ce a gina hubbare, ko a riƙa ziyarar neman tabarraki, ko a yi yanka. Ana cewa ne kada a kwashe ƙashin ɗan Adam a gauraya da ƙasa a sayar a zuba a gindin bandaki. Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, da aka gaya masa ko wane ne sai ya ce ashe ba rai ba ne. Alƙur'ani kuma, a Suratur Rum aya ta 42, ya umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. Idan an shafe alamunsu, me za a duba? Saudiyya ta sa Hijr, wato Mada'in Salih, mai kaburbura sassaƙaƙƙu a jikin duwatsu, a jerin UNESCO a 2008. Bahrain, ƙasar Musulmi, tana da tuddan kabari na mutanen Dilmun da aka gina tsakanin 2200 da 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tituna da rukunin gidaje sun cinye masu yawa kafin a farga, amma an tsare fiye da 11,000 a wurare 21, suka shiga jerin duniya a 2019. Ba wanda ke bauta musu.

Ka ce kakanninku ba sa noma kan tudun. Wannan magana ta tsaya mini a rai. Abin da ya kare irin waɗannan wurare ɗaruruwan shekaru ba doka ba ce, tsoro ne. Ana cewa wurin na da iskoki, yara ba sa hawa, manomi yana kewaye shi da garma. Ba ina kiran a dawo da camfi ba, Allah ya kiyaye. Amma tsoron ya tafi, kuma ba mu sa komai a gurbinsa ba. Abin da ya shigo shi ne awon igiya da kuɗin fuloti da buƙatar ƙasar ciko, birni kuma na tafiya ta kowace kusurwa, Kumbotso, Ungogo, Gezawa, Dawakin Tofa. Ɓarawon kayan tarihi da ake yawan magana a kansa ba shi ne babban mai ɓarna a Kano ba. Katafila ce da tifa da mai buga bulo, kuma ba da mugunta suke yi ba, ba wanda ya taɓa gaya musu cewa tudun yana da wani amfani bayan ƙasarsa.

Hujja kuwa tana gabanmu. Ganuwar Kano, wadda aka fara ginawa zamanin Sarki Gijimasu, tsakanin 1095 da 1134, doka ta ayyana ta, kuma tun 2007 tana cikin jerin wuraren da Nijeriya ke fatan UNESCO ta amince da su, tare da Dala da kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa. Duk da haka kowa ya ga yadda aka yi ta ɗibar ƙasarta, aka yanka jikinta fulotai, aka rushe ƙofofi aka sake su da siminti. Har yau wurare biyu kacal Nijeriya ke da su a jerin na duniya, Sukur a Adamawa tun 1999 da dajin Osun na Oshogbo tun 2005. Idan abin da ke tsakiyar birni, mai suna, mai takarda, ya ga haka, tudun da ke bayan gona ba suna ba takarda ba abin da zai tsare shi sai masu shi. Shi ya sa nake ganin aikin da ya fi gaggawa a Kano ba tono ba ne, rajista ce: a bi dagatai da masu unguwanni ƙauye-ƙauye, su nuna tuddai da kufai da suka sani, a sa su a taswira, a miƙa wa masu ba da izinin gini kafin a yanka fili. Dattawan da suka san sunayen wuraren nan suna ƙarewa.

Game da naku, ga yadda zan so ka bi. Ka fara da mai unguwa ko dagaci, ku je tare ya gani da idonsa, domin idan ƙashin mutum ne gara a ce shugaban wuri ya sani tun farko, shi zai sanar da 'yan sanda idan akwai alamar ba tsoho ba ne. Daga nan ka je Gidan Makama, nan ma'aikatan hukumar ta ƙasa suke, ka kuma leƙa Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha a Gidan Ɗan Hausa. Ka rubuta takarda, ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen koyar da binciken kufai, kuma malamansu na neman wuraren da ɗalibai za su yi aikin fili. Kafin su zo, ka ɗauki hotunan bangon da aka sara da wayarka, ka jingina sanda mai tsawon da ka sani a jiki don a gane girma, ka ɗauki wurin a taswirar waya. Duwatsun da yara suka tsinta a karɓo su, a sa a leda, a rubuta daga wane gefe aka samo, kada a wanke su, kada a goge tsatsar ƙarfe. Kada ka sa hotunan a Facebook da sunan wurin. Ƙashin da ya bayyana a lulluɓe shi da buhu a zuba ƙasa mai laushi a kai yadda karnuka da ruwan sama ba za su kai gare shi ba. Ka tambayi direbobin tifar inda suka juye lodin da suka riga suka ɗiba, a je a tsince abin da ke ciki, musamman ƙashi, kafin a yi gini a kansa.